Alhaji Muhammadu Dikko, Sarkin Katsina (1865–1944), da Tafiyarsa Cikin Jirgin Ƙasa

Gabatarwa

A ƙasar Hausa kafin zuwan Turawa, idan aka ji sarki ya fita daga ƙasarsa, to ko dai yaƙi ya tafi, ko ya tafi kai gaisuwa Sakkwato, ko kuwa sarauta ce ta kuɓuce masa. Ko aikin hajji, wanda yake rukuni ne na addini, bai zama dalilin da sarki zai bar gadonsa ba, domin hanyar gabas, ta Barno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya, tana cin shekaru, da yawa kuma daga masu binta ba su komowa. Sarakunan Barno na zamanin da sun yi hajji, amma cikin sarakunan da ke ƙarƙashin tutar Sakkwato ba a sami wanda ya je Makka yana bisa gado ba sai a 1921. Wannan sarki shi ne Muhammadu Dikko na Katsina. A wannan maƙala za a bi tarihin rayuwarsa, a kuma tsaya bisa abin da ya sa tafiyar ta yiwu, watau jirgin ƙasa.

Asalinsa da Hawansa Gado

An haifi Muhammadu Dikko a 1865. Basulluɓe ne, ɗan Durbin Katsina Giɗaɗo. Gidansu gidan hakimai ne da mayaƙa, amma sarautar Katsina kanta tana hannun Dallazawa, zuriyar Malam Ummarun Dallaje, tun zamanin jihadi. Dikko ya tashi cikin hawan doki da yaƙe-yaƙen da ake yi da Maraɗawa, aka naɗa shi Durbi yana saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai.

Da Turawa suka shiga Katsina a 1903, shi aka ɗora wa nauyin hulɗa da su, da samar musu abinci da ma'aikata. Nan ya fahimci halinsu, su ma suka fahimci nasa. A 1904 suka tuɓe Sarki Abubakar suka kai shi Ilori. A 1906 suka tuɓe magajinsa, Sarki Yero, suka miƙa ragamar Katsina ga Durbi, aka tabbatar masa da sarauta a farkon 1907. Baturen da ya tsaya masa shi ne H. R. Palmer. Ba a ɓoye yake ba cewa naɗin ya saɓa wa al'adar gado, kuma ya bar ƙulli a zukatan Dallazawa da magoya bayansu. Wajibi ne mai karatu ya riƙe wannan, domin sarkin da ya hau ta irin wannan hanya shi ya fi kowa dalilin jin tsoron juya wa gadonsa baya.

A farkon mulkinsa ne shi da Palmer suka kafa baitulmali a Katsina, aka yanka wa sarki da hakimai da alƙalai albashi, aka shiga rubuta shiga da fitar kuɗi. Daga Katsina wannan tsari ya bazu zuwa sauran En'e-En'e na Arewa.

Zuwan Dogo

A shekarar da aka tabbatar wa Dikko da sarauta, watau 1907, aka soma shimfiɗa hanyar dogo daga Baro, a bakin Kwara, zuwa Kano. Jirgi ya iso Kano a 1911. A 1912 aka haɗa wannan hanya da wadda ta taso daga Ikko, suka gamu a Minna, sai dai a Jebba ana ƙetarar da taragai ne bisa jirgin fito, har aka gama gada a 1916. Ba Turawa suka riƙe diga da shebur ba. Talakawa ne, waɗanda sarakuna da hakimai suka tara bisa umurni, da son ransu ko babu. Ɗaliban adabi sun san wannan zamani ta bakin Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, wanda aikin ya ratsa ƙasarsa, har ya tsara Waƙar Diga a kansa.

Manufar masu aikin ita ce kwasar auduga da sauran amfanin gona zuwa bakin teku, da saurin kai soja inda ake bukata, ko da yake gyaɗa ce ta zo ta mamaye taragan tun daga 1912. Babu wanda ya shimfiɗa dogo domin sarakuna. Hasali ma bai bi ta birnin Katsina ba. Wanda ke son shiga jirgi daga can sai ya yi tafiyar kimanin mil ɗari zuwa Kano tukuna.

Tafiyar 1921

Da Dikko ya ƙudura niyyar sauke farali, sai ya juya wa hanyar gabas baya ya fuskanci kudu. Ya nemi iznin Gwamna Hugh Clifford, aka ba shi, aka haɗa shi da wani jami'in Bature. Ya ɗauki jama'a kaɗan, cikinsu har da ɗansa Usman Nagogo, suka iso Kano suka shiga jirgi.

Ya kamata a dakata a nan a duba abin da wannan shiga ke nufi. Tafiyar sarki a al'ada ita kanta nuna mulki ce. Tambura da algaita da kakaki suna gaba, 'yan lifida da dogarai suna kewaye, zagage suna riƙe da linzami, lema tana bisa kai. Sarki ke cewa a tashi, shi ke cewa a sauka, kowane zango kuma akwai dagacin da zai fito da gaisuwa. A tasha kuwa duk wannan ya faɗi. Doki ba ya shiga inda mutane suke, mai kakaki ba shi da filin miƙa kakakinsa, lokacin tashi kuma yana rubuce a takardar wani ma'aikacin reluwe wanda ba ya cin albashin sarki. Wanda ya saba a jira shi, yau shi ne zai zo ya jira. Abin da aka samu a madadin haka shi ne sauri. Daga Kano zuwa Ikko mil ɗari bakwai ne, tafiyar da fatake ke yi wata da watanni, amma jirgi ba ya wuce kwana uku. Yana bi ta Zariya da Kaduna da Minna, ya tsaya Zungeru, tashar da mutanen Kwantagora da na Zuru suka daɗe suna gangarowa su kama jirgi, sa'an nan ya ƙetare Kwara a Jebba, ya wuce Ilori da Badun da Abekuta, ya tuƙe a Iddo.

Daga Ikko suka shiga jirgin ruwa zuwa Ingila. A Landan Dikko ya gana da Sarki Joji na Biyar, aka ba shi lambar girma, aka zaga da shi wurare. Daga nan ya sake shiga ruwa, ta mashigin Suwez, zuwa Jidda, ya yi hajjin shekarar 1339 ta Hijira, a zamanin da Sharif Husaini ke mulkin Makka. Cikin 'yan watanni ya komo Katsina.

Shekara goma sha takwas kawai kafin wannan, Sarkin Musulmi Attahiru ya fita daga Sakkwato ya nufi gabas da dubban mutane, aka tare shi a Burmi aka kashe shi a 1903. Kusan lokacin da Dikko ke shirin tafiya kuma aka tuɓe Aliyu ɗan Sidi aka kai shi Lokoja, inda ya rasu a 1924. Saboda haka mutanen wancan zamani sun san ma'anar a ga sarki ya bar gida ya yi kudu. Abin da ya bambanta Dikko shi ne ya tafi ya dawo, ya tarad da gadonsa yana jiransa. Sauri kaɗai bai isa ya bayyana wannan ba. Baitulmali da ofisoshin En'e suna aiki ko sarki yana nan ko ba ya nan, Razdan kuma yana zaune yana tsaron kujerar mutumin da gwamnatinsa ta naɗa. Mai son yabo zai ce Dikko ya buɗe wa sarakuna ƙofar Makka, kuma gaskiya ne. Mai suka zai ce ya je ɗakin Allah ne ta ƙofar Landan, da iznin Nasara, bisa dogon Nasara, wannan ma gaskiya ne.

Taragan Sarakuna

Ƙasar da Dikko ya sauka ta riga ta yi kusan shekara tamanin tana sarrafa jirgin ƙasa ya dace da sarauta. Sarauniya Biktoriya ta fara shiga jirgi ran 13 ga Yuni 1842, daga Slough zuwa tashar Paddington a Landan, mil 18 cikin minti 25. A wannan shekara aka ƙera wa Sarauniya Adelaide, matar marigayi Sarki Wiliyam na Huɗu, tarago nata na kanta, wanda har yau yana ajiye a gidan tarihin jiragen ƙasa na York. A 1869 aka yi wa Biktoriya wani, aka lulluɓe cikinsa da siliki, aka sa kujeru da gado kamar ɗakin fada. Ba ta son gudu, don haka aka ƙayyade kada jirginta ya wuce mil 40 a sa'a da rana. Watau a can jadawali ne ya rusuna wa sarauta. Sarki Joji na Biyar, wanda ya karɓi Dikko, ya mai da jirginsa masauki a lokacin Yaƙin Duniya na Farko, yana kwana a ciki idan ya fita rangadin masana'antu da barikoki. Ko cikin sarakunan Musulmi akwai misali, domin Sarkin Daular Turkiyya Abdul'aziz, wanda ya ziyarci Faris da Landan a 1867, yana da nasa tarago, ana nuna shi yanzu a wani gidan tarihi a Istanbul.

A Nijeriya Gwamna ne mai tarago na musamman, kamar yadda shi ne mai dogon. An ga wannan sarai a watan Afrilu na 1925, sa'ad da Yarima mai jiran gadon Ingila, wanda daga baya ya zama Edward na Takwas, ya sauka Ikko ya shiga jirgi na musamman zuwa Kano. Sarakunan Arewa, har da Dikko, suka taru da dubban dawaki suka yi masa hawan daba. Baƙo ya zo bisa ƙarfe cikin kwanaki kaɗan, masu ƙasa kuwa aka bukaci su bayyana bisa dawaki da sulke da lifidi, yadda Turawa ke son ganinsu. Cikin mahayan nan Sarkin Katsina ya riga ya ga garin baƙon da idonsa har sau biyu, domin ya koma Ingila a 1924 ya halarci babban bajekolin daular Ingila a Wembley.

Abin da Ya Biyo Baya

Dikko bai komo hannu sake ba. Ya ɗaure wa ilmin zamani gindi, a birninsa aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, makarantar da ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da Abubakar Imam. Ya yarda aka soma karantar da 'yan mata a lokacin da sarakuna da yawa ke ɗari-ɗari da abin. Son dokinsa kuma bai ragu ba, sai ma ya sami sabuwar hanya, domin shi ya kafa wasan folo a Katsina, 'ya'yansa suka shahara a kai, musamman Nagogo.

A ƙarshen shekarun 1920 dogo ya shigo ƙasarsa ta kudu, sa'ad da aka ja reshe daga Zariya ta Funtuwa da Gusau, ya isa Ƙauran Namoda a 1929. Auduga ce ta jawo shi. Funtuwa, wadda ƙaramin gari ce a da, ta zama babbar kasuwa mai injin gurzar auduga, haraji ya ƙaru a baitulmalin Katsina, amma birnin sarki ya ci gaba da zama nesa da tasha.

A 1933 ya sake zuwa hajji, ya tarar Hijaz ta koma hannun Sarki Abdul'aziz ɗan Sa'ud, ya kuma sake ziyartar Ingila. Sai a 1934 manyan takwarorinsa suka bi sawu, sa'ad da Sarkin Musulmi Hasan da Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Gwandu Usman suka tafi Ingila tare, shekara goma sha uku bayan tafiyarsa ta fari. Abdullahi Bayero ya yi nasa hajjin a 1937. Daga nan fitar sarki zuwa ƙasashen waje ta daina zama abin firgita, har zamani ya kawo jirgin sama ya karɓe alhazai daga hannun jirgin ƙasa da na ruwa.

Rasuwarsa

Allah ya yi wa Alhaji Muhammadu Dikko rasuwa a 1944, bayan shekara 37 bisa gado. Ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi, sarautar Katsina kuma tana gidansa har yau. Malam Bello Kagara, mawallafin Ganɗoki, ya rubuta tarihinsa da Hausa, aka buga a Zariya a 1951. A 1956 jikar Sarki Joji, Sarauniya Elizabeth ta Biyu, ta zo Nijeriya, aka shirya mata jirgin ƙasa na musamman daga Ikko zuwa Badun, Nagogo kuma yana cikin sarakunan da suka yi mata hawan daba a Kaduna. A 2025 fadar Ingila ta ba da sanarwar za ta ajiye jirgin sarauta nan da 2027 saboda tsadar riƙonsa. Hanyar dogon da za ta bi ta birnin Dikko kuwa, wadda za ta tashi daga Kano ta ratsa Katsina zuwa Maraɗi, sai a watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashinta, shekara ɗari daidai bayan ya tafi Kano neman jirgi. Allah ya jiƙansa.