H. R. Palmer (1877–1958): Mai Yawan Wallafa da Ya Bar Tono Babu Rahoto

An haifi Herbert Richmond Palmer a garin Lancaster na ƙasar Ingila a shekarar 1877. Ya yi karatu a Jami'ar Cambridge, sannan ya shigo aikin mulkin mallaka a Arewacin Nijeriya a 1904. An tura shi Katsina a shekarun da Ingila da Faransa ke shata iyakar da ta raba Katsina da Maraɗi ta wajen Jibiya. Yana da hannu dumu-dumu wajen tuɓe Sarki Yero a 1906 da ɗora Durɓi Muhammadu Dikko a kan gadon sarauta.

A 1907, tare da goyon bayan Sarki Dikko, Palmer ya tona wasu daga cikin tuddan kaburburan Durɓi ta Kusheyi da ke kusa da Mani, inda tarihin baka ke cewa nan ne makwancin sarakunan farko na ƙasar Katsina. Wannan na cikin tone-tonen kayan tarihi na farko a ƙasar Hausa. Sai dai bai buga cikakken rahoton aikin ba, kayan da aka tono kuma suka yi ɓatan dabo.

Abin mamakin shi ne, Palmer ba mai ƙyuyar alƙalami ba ne. A 1908 ya buga fassarar Tarihin Kano daga Larabci zuwa Ingilishi a mujallar Royal Anthropological Institute ta Landan. A 1928 ya fitar da Sudanese Memoirs, juzu'i uku, a Legas, sannan The Bornu Sahara and Sudan a 1936. Duk wannan ya yi shi ne yana riƙe da muƙamai: Razdan na Borno, Laftanar-Gwamnan Arewa daga 1925 zuwa 1930, Gwamnan Gambiya, sannan Gwamnan tsibirin Ƙubrus daga 1933 zuwa 1939. Ya rasu a Ingila a 1958.

Rubuce-rubucensa sun sha suka. Ya jingina kafuwar daulolin Hausa da Borno ga baƙi daga gabas da arewa, yana kafa hujja da kamancin sunaye. Abdullahi Smith da Yusufu Bala Usman sun warware wannan ra'ayi, kuma sun samu abin warwarewa ne saboda yana nan a buge. Tonon 1907 kuwa bai bar wa kowa abin tantancewa ba, domin kabarin da aka tone ba ya sake tonuwa.

Sai a 1992 masu bincike na Nijeriya da Jamus suka sake tona kaburbura uku a wurin. An gyara kayan a birnin Mainz, aka wallafa sakamakon a 2011 da 2012. An samu 'yan kunne na zinariya, da warwaron hauren giwa, da tasoshin ƙarfe, ciki har da wadda ta fito daga ƙasashen Musulmi na gabas. An ƙiyasta zamanin kaburburan tsakanin ƙarni na 13 da na 16. Da Palmer ya rubuta nasa, da yau akwai abin kwatantawa.

Rayuwarsa ta bar wa mai nazari darasi guda: kuskuren da aka buga yana gyaruwa a hannun na baya, amma binciken da ba a buga ba ya bi mai shi kushewa.