Tarihin Imam Bukhari da Yadda Ya Tace Hadisan Manzon Allah

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ya kai mai karatu, sau nawa ka ji liman a huɗuba ko malami a majalisi ya kawo hadisi, ya rufe da cewa Bukhari ne ya ruwaito shi, nan take hankalinka ya kwanta? Da yawa daga hukunce-hukuncen alwalarka da sallarka da azuminka da aurenka da cinikinka ta hannun wannan bawan Allah suka iso gare ka. Ya kamata ka san wane ne shi, da yadda ya yi aikinsa, da abin da ya sha a kan riƙon wannan amana.

Sunansa da asalinsa

Shi ne Abu Abdullahi Muhammadu ɗan Isma'ila ɗan Ibrahim ɗan Mugira ɗan Bardizba. An haife shi ranar Juma'a, 13 ga Shawwal, shekara ta 194 bayan Hijira (810 Miladiyya), a birnin Bukhara da ke ƙasar Uzbekistan ta yau. Ba Balarabe ba ne. Bardizba Bamajuse ne, ɗansa Mugira shi ya musulunta a hannun gwamnan Bukhara, Yaman Alju'ufi, shi ya sa ake jingina gidansu ga ƙabilar Ju'ufi.

Mahaifinsa Isma'ila ma'abocin hadisi ne, ya ji karatu daga Imam Malik da Hammadu ɗan Zaidu. Ya rasu Muhammadu yana ƙarami, ya bar masa dukiya ta halal, mahaifiyarsa ta ci gaba da renonsa. Malaman tarihi sun ruwaito cewa ya makance yana yaro, uwar ta dage da kuka da addu'a, har ta ga Annabi Ibrahim (amincin Allah ya tabbata a gare shi) a mafarki yana yi mata bushara, gari ya waye yaron yana gani.

Farkon nemansa ga ilimi

Ya fara haddar hadisi yana da kimanin shekara 10. Yana ɗan shekara 11 wani abu ya faru a majalisin malaminsa Addakhili, wanda zai nuna maka irin idon da Allah Ya ba shi. Malamin ya karanto isnadi, wato jerin mutanen da hadisi ya biyo ta hannunsu, ya ce Sufyanu ya karɓo daga Abuz Zubair, shi kuma daga Ibrahim. Yaron ya ce Abuz Zubair bai ruwaito daga Ibrahim ba. Malamin ya daka masa tsawa, yaron ya roƙe shi ya duba asalin takardarsa. Da ya shiga ya duba, ya fito ya tambaye shi daidai, ya ce Zubair ɗan Adiyyu ne. Malamin ya karɓi alƙalami ya gyara. Ka lura, lafazin hadisin bai canza ba, suna ɗaya ne ya sauya a sarƙar. A wurin malaman hadisi, wannan kaɗai ya isa a tsaya.

Yana da shekara 16 ya haddace littattafan Abdullahi ɗan Mubarak da na Waki'u. A shekara ta 210 ya tafi Hajji tare da mahaifiyarsa da yayansa Ahmad. Su suka koma gida, shi ya zauna a Hijaz neman hadisi. Yana da shekara 18 ya fara wallafa, kuma a Madina, kusa da kabarin Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi), ya rubuta Attarikhul Kabir a dararen farin wata. Littafi ne na maruwaita: wane ne wane, daga wa ya ji, wa ya ji daga gare shi. Ka ga tun kafin ya tattara hadisan, sai da ya san mutanen da suka ɗauko su.

Ya yi shekara 6 a Hijaz, ya shiga Basra da Sham da Masar, Kufa da Bagadaza kuwa ya yi ta zirga-zirga a cikinsu. Ya rubuta hadisi daga malamai 1,080, cikinsu akwai Ahmad ɗan Hambali, da Yahaya ɗan Ma'in, da Ishaƙa ɗan Rahawaihi, da Humaidi, da Aliyu ɗan Madini, wanda shi kaɗai ne Bukhari ya ce yana jin kansa ƙarami a gabansa. Magatakardansa, Muhammadu ɗan Abu Hatim, ya ba da labarin yadda a dare ɗaya yakan tashi sau 15 zuwa 20, ya kunna fitila, ya yi alama a kan wani hadisi, ya koma ya kwanta.

Ka taɓa jin labarin jarrabawar Bagadaza, inda mutum 10 suka cakuɗa isnadan hadisai 100, ya mayar da kowanne mazauninsa. Ibnu Adiyyi ne ya kawo shi daga wasu malamansa da bai ambaci sunayensu ba, saboda haka wasu masana suka yi magana a kan isnadinsa. Dubi adalcin wannan fanni: ko labarin yabon Bukhari sai an ɗora shi a kan ma'aunin da Bukhari ya yi aiki da shi.

Yadda ya rubuta Sahihi

Kafin zamaninsa an riga an rubuta hadisai. Muwaɗɗa ta Imam Malik tana hannun mutane, haka ma manyan littattafan musnadi. Sai dai galibinsu sun haɗa ingantacce da mai rauni, ko sun haɗa hadisi da fatawoyin sahabbai da tabi'ai. Wata rana malaminsa Ishaƙa ɗan Rahawaihi ya nuna burinsa na a sami wanda zai tara ingantacciyar Sunna kaɗai a taƙaitaccen littafi. Maganar ta zauna a zuciyar Bukhari. Ya yi shekara 16 yana wannan aiki, yana zaɓe daga cikin ruwayoyi 600,000, kuma an ruwaito cewa ba ya shigar da hadisi sai ya yi wanka ya yi nafila raka'a biyu.

Malamai sun sanya sharuɗɗa biyar kafin a kira hadisi ingantacce: isnadi ya sadu tun daga farko har ƙarshe, kowane maruwaici ya zama adali, ya zama mai kiyaye abin da ya ji, ruwayar kada ta saɓa wa ta waɗanda suka fi shi, kuma kada a sami ɓoyayyar illa a cikinta. Bukhari bai rubuta nasa sharuɗɗan a littafin ba, malaman da suka zo bayansa ne suka gano su ta hanyar bibiyar aikinsa. Sun lura da abubuwa biyu.

Na farko, idan maruwaici bai fito fili ya ce ya ji daga malaminsa ba, Bukhari yana neman tabbacin cewa sun taɓa haɗuwa ko da sau ɗaya. Almajirinsa Imam Muslim yana wadatuwa da cewa sun yi zamani ɗaya kuma haɗuwarsu mai yiwuwa ce, matuƙar maruwaicin ba mai ɓoye malaminsa ba ne.

Na biyu, yana duba tsawon zaman almajiri da malaminsa. Ɗauki almajiran Imam Zuhri. Akwai waɗanda suka haɗa ƙarfin hadda da daɗewa tare da shi, irin su Malik da Yunus ɗan Yazid da Uƙailu ɗan Khalid. Akwai amintattu manya, irin su Auza'i da Laisu ɗan Sa'ad, waɗanda ba su daɗe da shi kamar na farko ba. Bukhari yana dogara da rukunin farko, ya tsinci kaɗan daga na biyu. Ke nan mutum yana iya zama babban imami, amma a kan wani malami a sami wanda ya fi shi. A wurinsa, isnadin da ya fi kowanne inganci shi ne Malik daga Nafi'u daga Abdullahi ɗan Umar.

Littafin yana da babi-babi manya 97. Ya buɗe shi da hadisin niyya, ya rufe shi da hadisin tasbihi da ma'aunin ayyuka. A lissafin Muhammad Fu'ad Abdulbaƙi, wanda yawancin bugun yau suke bi, hadisansa 7,563 ne tare da maimaici. Hafiz Ibnu Hajar ya ƙirga waɗanda isnadinsu ya sadu, ba tare da maimaici ba, ya sami 2,602.

Wata shubuha da amsarta

Wataƙila ka ji masu cewa tunda Bukhari ya ɗauki 'yan dubbai daga 600,000, to sauran duk ƙarya ne. Wannan rashin sanin lissafin malaman hadisi ne. A wurinsu kowane isnadi hadisi ne mai zaman kansa, saboda haka magana ɗaya da ta zo ta hanyoyi 50 hadisi 50 ce. Sannan maganganun sahabbai da tabi'ai suna cikin wannan adadi. Bugu da ƙari, shi da kansa ya saka kalmar taƙaitacce a cikin sunan littafin, ya kuma bayyana cewa ya bar ingantattun hadisai masu yawa don gudun tsawaitawa. Don haka rashin ganin hadisi a Bukhari ba ya nuna rauninsa.

Kuma al'umma ba ta karɓi littafin ido rufe ba. Imam Daraƙuɗni, wanda ya rasu a 385, ya bi shi ya yi suka a kan wasu hadisai, mafi yawa ta fuskar isnadi. Ibnu Hajar, wanda ya rasu a 852, ya ƙirga su 110, ya amsa su ɗaya bayan ɗaya a gabatarwar sharhinsa Fathul Bari. Bayan irin wannan bincike ne malamai suka tabbata a kan cewa shi ne littafi mafi inganci bayan Alƙur'ani.

Halayensa

Aikinsa ya tilasta masa bayyana raunin maruwaita, amma yana tsananin tsoron giba. Da wuya ka ga ya kira mutum maƙaryaci kai tsaye. Yakan ce akwai abin dubawa game da wane, ko malamai sun yi shiru a kansa, masana kuma sun san nauyin waɗannan kalmomi a bakinsa.

An taɓa kawo masa haja, wasu 'yan kasuwa suka taya da ribar dirhami 5,000, ya ce su bari sai gobe. Washegari wasu suka ba da ribar 10,000. Ya sayar wa na farko, domin a daren ya riga ya ƙulla niyyar ba su, ko da yake bai furta musu ba. Wanda bai warware niyyar da babu wanda ya ji ta ba, ka auna yadda zai riƙe maganar Annabi.

Jarrabawar ƙarshen rayuwarsa

A shekara ta 250 ya shiga Naisabur, mutanen gari suka fita nesa don tarbarsa. Zamani ne da raunin fitinar cewa Alƙur'ani halitta ne bai warke ba. Aka yi masa tambaya a kan lafazin mai karatu, ya bayyana cewa Alƙur'ani maganar Allah ce, ba halitta ba, ayyukan bayi kuwa halittattu ne. Aka juya maganar, aka kai ta ga babban malamin garin, Muhammadu ɗan Yahaya Azzuhli, ya hana mutane zama a majalisinsa. Jama'a suka watse, Imam Muslim da Ahmad ɗan Salama suka tsaya tare da shi. Ya bar garin. Duk da haka ruwayoyin Azzuhli suna nan a cikin Sahihi, domin saɓanin da ke tsakaninsu bai taɓa amanar mutumin a hadisi ba.

Da ya koma Bukhara, gwamna Khalid ɗan Ahmad ya aika masa ya kawo littattafansa fada ya karantar da shi da 'ya'yansa a keɓe. Bukhari ya ƙi. Ya nuna cewa ba zai kai ilimi ƙofar masu mulki ba, ba zai kuma keɓe wasu ya hana wasu ba, mai so ya zo masallaci. Gwamnan ya kore shi daga garin haihuwarsa. Shi ma daga baya aka tuɓe shi, ya ƙare rayuwarsa a kurkuku a Bagadaza.

Bukhari ya sauka wurin danginsa a Khartank, wani ƙauye kusa da Samarƙandi. An ji shi da dare yana kai kuka ga Allah cewa ƙasa ta yi masa ƙunci duk da faɗinta, yana roƙon Ya karɓe shi. Wata bai cika ba ya rasu, a daren Ƙaramar Sallah na shekara ta 256 (870 Miladiyya), saura kwana 13 ya cika shekara 62. An binne shi bayan Azahar ranar Idi.

Yadda littafin ya iso hannunka

Dubban mutane sun ji Sahihi daga bakinsa, amma ruwayar da ta fi yaɗuwa ita ce ta almajirinsa Firabri, wanda ya rasu a 320. Ke kuma 'yar'uwa, ki sani cewa ɗaya daga cikin ruwayoyin da malamai suka fi dogara da su ta mace ce, Karima 'yar Ahmad Almarwaziyya, wadda ta rasu a Makka a 463. Mutum biyu ne kawai tsakaninta da Bukhari, kuma Khaɗib Albagdadi, duk da girmansa, a gabanta ya karanta littafin cikin kwana 5. Daga baya Hafiz Yunini, wanda ya rasu a 701, ya gwada tsofaffin kwafe-kwafe da juna a Dimashƙa, ya yi alama a kan kowane bambanci ko da na harafi ne. A kan aikinsa aka dogara wurin bugun da Sarkin Daular Usmaniyya Abdulhamid na Biyu ya sa aka yi a Bulaƙ ta Masar.

Abin da ya rage gare ka

A yau saƙo yakan shigo wayarka da sunan Annabi a kansa, babu maruwaici, babu littafi, an ce ka tura wa mutum goma. Jingina wa Annabi abin da bai faɗa ba babban zunubi ne, kuma gargaɗi a kansa yana cikin hadisan da suka zo ta hanyoyi mafi yawa. Kafin ka tura, tambayi wanda ya ruwaito shi da littafin da yake ciki, ka nemi hukuncin malaman hadisi a kansa. In ba ka samu ba, ka riƙe shi a wurinka.

Allah Ya jiƙan Imam Bukhari, Ya saka masa da mafificin alheri, Ya sanya mu cikin masu kiyaye Sunna da aiki da ita. Allah ne Mafi sani.