Faraday, Ɗan Maƙerin London

An haifi Michael Faraday kusa da London cikin 1791. Ubansa maƙeri ne matalauci, don haka yaron bai yi nisa a makaranta ba. Yana shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai. Littafin da aka kawo duka sai ya karance shi. Cikin 1845 ya gano ƙarfin maganaɗisu yana murɗa haske. Da wannan masana ke auna maganaɗisun iskar da ke tsakanin taurari, wanda ke hana ta saurin dunƙulewa ta zama sababbin taurari. Ya rasu cikin 1867.

To, malaman gobe, kada ku raina ɗan talaka mai yawan tambaya.