Stella Chess, likitar da ta sauke wa uwaye nauyin zargi

'Yan uwa mata, a wannan fitowa ta bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, mun ɗauko muku tarihin wata likita da ta ƙare rayuwarta tana nazarin halin yara.

An haifi Stella Chess a birnin New York na Amurka a 1914. Ta gama karatun likita a Jami'ar New York a 1939, ta ƙware a fannin ƙwaƙwalwa da halayyar yara. A lokacin, in yaro ya cika rigima ko ya ƙi sakewa da mutane, likitoci da yawa uwarsa suke ɗora wa laifi. Ɗan kuka dai mai ja wa uwarsa jifa. Ita kuwa ba ta yarda da haka ba.

A 1956 ita da mijinta Alexander Thomas, shi ma likita, suka fara bibiyar yara 133 tun suna jarirai har suka zama manya. Suna tambayar iyaye: yaushe yake barci, yaya yake karɓar sabon abinci, me yake yi in ya ga baƙo? Suka gano kusan kashi 40 cikin 100 masu sauƙin kai ne. Kusan kashi 10 masu wuyar sha'ani ne, barci da ci ba tsayayyen lokaci, kuka kuwa kamar me. Kashi 15 masu ɗari-ɗari ne, sai a hankali suke sabawa. Sauran halinsu gauraye yake.

Babban abin da ta nuna shi ne, kowane yaro da halinsa yake zuwa duniya, kuma yadda zai tashi ya danganta da dacewar riƙon da ake masa da wannan hali. Mu manoman Kafur mun san wannan: shinkafa fadama take so, gero kuwa jigawa. Yaro mai ɗari-ɗari, in ana ta yi masa tsawa, ƙara noƙewa zai yi. In an bi shi sannu, sai ya sake.

Mijinta ya rasu a 2003, ita kuma a 2007 tana da shekara 93.

Don haka in jaririn sabuwar amarya ya hana gida barci, kada mu yi mata gori. Mu karɓar mata goyon ta huta, kakanni da surukai mu taya ta gane halin ɗanta. Allah ya raya mana zuri'a, ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka.