TARIHIN JIBO BAKARI, MAI RAƘUMI (1922–1998)

A wannan fitowa za mu kawo muku tarihin wani mutum wanda sunanshi ya taɓa raba gida biyu cikin garuruwanmu, watau Jibo Bakari, shugaban jam'iyyar Sawaba. Tsofaffi sun san shi, amma yara da yawa sun tashi ba su ji labarinshi ba, don an share shekaru ana tsoron ambatonshi a fili.

An haifi Jibo a shekarar 1922 a Sudure, wani ƙauye kusa da Yamai. Bazabarme ne, kuma ɗan'uwan Jori Hamani ne, don garinsu ɗaya, danginsu ɗaya. Yana yaro anka kai shi Tawa, can ya fara lakwal, can kuma ya iya Hausa, wadda ta yi mashi amfani ƙwarai daga baya. Ya ci gaba da karatu har makarantar William Ponty ta ƙasar Senegal, inda Faransa ke horon mushe-mushe da ma'aikata na Afirka ta Yamma. Da ya dawo, ya koyar da yara a Birnin Ƙonni da Agadas.

Zamanin nan talaka na cikin wuya. Ga lanho, ga aikin dole na gina hanyoyi da gidajen kumandan ba biya. Sai bayan yaƙin duniya na biyu, a 1946, anka soke aikin dole, anka bar mutane su kafa jam'iyyu. A shekarar anka kafa PPN, wadda ta haɗe da RDA, mai alamar giwa. Jibo ya bar aikin mushe ya shiga siyasa, ya zama babban sakataren jam'iyyar a 1947.

A 1950 manyan RDA sunka yanke shawarar su sassauta, su daidaita da gwamnatin Faransa. Jori da Bubu Hama sunka bi wannan hanya, Jibo ya ƙi. Nan ne hanyar ƴan'uwan biyu ta rabu. Jibo ya koma wajen ƙungiyoyin ma'aikata, yana tara lebura da direbobi da masu aikin gona. A 1954 ya kafa jam'iyyar UDN, wadda jama'a sunka riƙa kira Sawaba, alamarta raƙumi. Ƙarfinta na wajen ƙananan mutane: ƴan koli, ƴan kamasho, teloli, makaniki, ƴan ci-rani. Ta kahu sosai a Damagaram da Tasawa da Maradi da Tawa. Cikin manyanta akwai Usmanu Ɗan Galadima na Madawa, da Abdullahi Mamani, wanda daga baya ya rubuta littafin Sarauniya.

A ƙarshen 1956 anka zaɓi Jibo magajin garin Yamai, shi ne na farko da ƙuri'a ta ɗora. Ya haɗa kai da jam'iyyar BNA, wadda sarakuna da yawa ke goyon baya, sunka ci kujera 41 cikin 60 a zaɓen majalisa na watan Maris 1957. Ta haka ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci gwamnati a Nijar, ko da yake gwamna Bafaranshe na bisa kanshi. Amma haɗin talaka da sarki bai daɗe ba. Gwamnatinshi ta tuɓe waɗansu sarakuna, sauran sunka fara ja da baya.

Sai ga shekarar 1958. Janar Dagol ya hau mulki a Faransa, ya ce kowace ƙasa ta zaɓa: ko I, ta zauna cikin tarayya da Faransa, ko A'a, ta ɗauki ƴancinta nan take, a janye mata taimako. Jibo ya kira jama'a su ce A'a, kamar yadda Seku Ture ya yi a Gine. Faransa ba ta yarda ta saki Nijar ba, don tana iyaka da Aljeriya inda ake yaƙi, ga kuma ƴan'uwantaka da arewacin Najeriya. Anka turo sabon gwamna, Kolombani, ya jawo sarakuna, anka baza soja, anka takura ma taron Sawaba. Ran 28 ga Satumba I ta ci da wajen kashi 78 cikin ɗari, amma ko rabin masu rajista ba su fito jefa ƙuri'a ba. Gine kaɗai ta ce A'a.

Jibo ya sauka a watan Oktoba. A Disamba Jori ya hau, anka kafa jamhuriya ran 18 ga wata. A 1959 anka haramta Sawaba, Jibo ya bar ƙasa, ya zauna Bamako, sannan Akara. Ran 3 ga Agusta 1960 Nijar ta samu mulkin kai, wanda ya fara kiran ƴanci yana gudun hijira. Mutanenshi da yawa sunka ƙetara Kano, inda ƴan NEPU na Malam Aminu Kano sunka sauke su.

Daga nan al'amari ya ɓaci. A ƙarshen 1964 samarin Sawaba da sunka koyo aikin soja a waje sunka shigo da bindigogi ta iyakoki, suna zaton ƙasa za ta tashi tare da su. Ba ta tashi ba. Anka kama su, anka harbe waɗansu a bainar jama'a, ɗaruruwa sunka shiga gidan kaso, har da waɗanda laifinsu kawai dangantaka. A watan Afrilu 1965 wani ya jefa gurneti wajen sallar layya a Yamai don kashe Jori, Allah ya kiyaye shi. Alhakin wannan jini yana wuyan ɓangarorin biyu, kuma talaka ne ya biya.

Bayan faɗuwar Kwame Nkrumah a 1966 Jibo ya koma Gine. Da soja sunka kifar da Jori ran 15 ga Afrilu 1974, Saini Kunce ya bar shi ya dawo gida, amma a 1975 ya sa anka kama shi bisa zargin shirya juyin mulki. Ya daɗe tsare, sai cikin shekarun 1980 ya samu kanshi. Bayan taron ƙasa na 1991 ya sake tsayawa, ya nemi shugabancin ƙasa a 1993, bai samu ko kashi biyu cikin ɗari ba. Zamani ya wuce da shi. Ya rasu a Yamai ran 16 ga Afrilu 1998.

Ƴan'uwa, abin dubawa a nan shi ne, Jibo da Jori gari ɗaya sunka fito, makaranta ɗaya sunka yi, kuma dukansu sun ɗanɗani ɗauri hannun soja ɗaya. Gabar da ke tsakaninsu ta shiga gidajen talakawa, ta hana aure, ta raba sahun masallaci. Dattawan da sunka ga zamanin raƙumi da giwa, muna roƙonku ku zaunar da yara ku ba su labari tun kuna da rai, kowa ya faɗi abin da idonshi ya gani, ba don tada tsohon miki ba, sai don kada jikoki su maimaita.

Allah ya jiƙan waɗanda sunka riga mu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka. Amin.