Alfred Büchi: Injiniyan da ya mayar da zafin salansa ƙarfin inji

Yawancin tirelolin da ke jan kaya a yau da kuma ƙananan motoci da dama na zamani suna ɗauke da turbo, na'urar da ke ƙara wa inji ƙarfi ba tare da an ƙara masa girma ba. Wanda ya ƙirƙiro ta shi ne Alfred Büchi, injiniya ɗan ƙasar Suwizalan.

An haifi Büchi ranar 11 ga Yulin 1879 a garin Winterthur, inda mahaifinsa ke cikin manyan jami'an Sulzer, kamfanin ƙera injina. Ya kammala karatun injiniya a babbar kwalejin fasaha ta Zurich a 1903, sannan ya yi aiki a Beljiyam da Ingila.

Abin da ya tsaya masa a rai

Büchi ya lura cewa injinan zamaninsa suna asarar kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin man da suke sha, kuma kaso mai yawa yana bin zazzafan hayaƙi ne ya fice ta salansa.

Dabararsa ita ce a tare hayaƙin ya juya wata farfela, ita kuma ta juya ta biyu wadda za ta danna ƙarin iska cikin silinda. Idan iska ta ƙaru, inji zai iya ƙona ƙarin mai, ƙarfinsa ya ƙaru. A 1905 ya samu takardar shaidar mallakar wannan fasaha a Jamus.

Shekara 20 yana jira

Sai dai zafin da yake son cin moriyarsa shi ne ya zame masa ƙarfen ƙafa. Ƙarafan wancan lokaci ba sa jure irin wannan zafi da saurin juyawa.

Ya shiga Sulzer a 1909, kuma samfurin da ya haɗa a 1915 bai samu karɓuwa ba.

Haƙarsa ta cimma ruwa ne bayan ma'aikatar sufurin Jamus ta ba da aikin ƙera jiragen ruwan fasinja biyu, Preussen da Hansestadt Danzig, a 1923. Da aka haɗa wa injinansu na dizal turbo, ƙarfin kowanne ya tashi daga dawaki 1,750 zuwa 2,500, wato ƙarin sama da kashi 40 cikin 100.

A 1938 kamfanin Saurer ya saka turbo a injin babbar mota.

Büchi ya rasu ranar 27 ga Oktoban 1959 yana da shekara 80, bai ga turbo a ƙaramar motar kasuwa ba. Sai a 1962 Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair suka fito da ita a Amurka.

Har yau ana fama da zafin

A injin fetur, zafin hayaƙin da ke shiga turbo kan kusanci digiri 1,000 a ma'aunin Salshiyos. Shi ya sa wasu masu motoci ke lulluɓe turbo da bargo na musamman, su kuma naɗe bututun salansa da ƙyallen zaren gilashi ko na dutsen aman wuta.

Naɗin na tsare zafi a cikin bututu domin hayaƙin ya isa farfela da ƙarfinsa, yana kuma kare wayoyi da tiyo daga ƙonewa.

Amma yana da nasa haɗari. Ƙyallen kan riƙe danshi ya jawo tsatsa, tarin zafi kan tsaga bututun da ba shi da ƙwari, kuma idan ya sha man inji yana iya kamawa da wuta. Don haka mai mota ya tabbatar babu yoyon mai kafin a naɗa, ya kuma riƙa duba bututun lokaci zuwa lokaci.