TARIHIN RAYUWAR LIKITA ANDREW STIRRETT, BATURE MAI MAGANI (1865–1948)

Muna godiya ga Allah wanda ya kawo ikilisiyarmu ga cikar shekara hamsin. A cikin wannan littafin biki mun ga ya dace mu tuna da wani bawan Allah wanda aikinsa yana hannunmu kowace Lahadi, ko da yake da yawa a cikinmu ba su taɓa jin sunansa ba. Mun zaɓe shi musamman domin dattawanmu maza da mata, waɗanda suka ga farkon wannan ikilisiya suna samari da 'yan mata, yau kuwa furfura ta rufe kawunansu. Wannan mutum bai fara aikin da aka san shi da shi ba sai da ya kai tsakiyar rayuwa, kuma mafi kyawun amfaninsa a cikin tsufa ya fito.

TASOWARSA DA KIRANSA

An haifi Andrew Park Stirrett a ƙasar Kanada a shekara ta 1865. Ya koyi aikin haɗa magunguna, ya buɗe kantunan sayar da magani a birnin Toronto, Allah kuwa ya sa wa kasuwarsa albarka. Yana da dukiya, yana da mutunci, yana kuma ƙara karatun likitanci. A idon mutane ya riga ya zauna da gindinsa.

Ana nan sai wata 'yar takarda ta shigo hannunsa, wadda Rowland Bingham ya rubuta a kan ƙasashenmu. Shi Bingham yana cikin samari uku da suka sauka Ikko a watan Disamba 1893 da nufin kawo bishara Arewa. Kafin shekara ta 1894 ta ƙare, biyu daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya: Walter Gowans a Girku, Thomas Kent kuma a Bida. Bingham kaɗai ya koma gida. Ya sake gwadawa a 1900, zazzaɓi ya sake kore shi. Saboda haka duk wanda ya ce zai zo a lokacin, ya san inda ya nufa.

Stirrett yana da shekara 37. Masu ƙarfin jini ma ƙasar ta cinye su, balle wanda ya doshi arba'in kuma bai san kalma ɗaya ta Hausa ba. Amma ya rabu da kantunansa, ya miƙa dukiyarsa ga mishan wadda daga baya aka sani da suna S.I.M., ya biya ta Liverpool a Ingila ya koyi sha'anin cututtukan ƙasashe masu zafi, ya iso Nijeriya a 1902.

ƘOFA A RUFE

Zuciyarsa tana wajen Hausawa, amma aka sauke shi a Patigi cikin ƙasar Nufe, inda mishan ta kafa tasharta ta fari. Daga can ya koma Wushishi, kusa da Zungeru. A 1903 Turawan mulki suka ci Kano da Sakkwato, har aka gwabza a Kwatarkwashi nan ƙasarmu ta Zamfara. Gwamna Lugard ya yi wa sarakuna alkawari ba za a taɓa addininsu ba, don haka gwamnati ta taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautun Arewa. Ga mutum ya bar kome domin Hausawa, ga kuma manyan biranen Hausa an hana shi zama a cikinsu. Wannan hali ya ɗauki wajen shekara talatin.

A nan ne muke ganin hikimarsa. Bai yi fushi ya koma gida ba, bai kuma ɓata kwanakinsa wajen gunaguni ba. Ya lura cewa Bahaushe ba mazaunin wuri ɗaya ba ne. Fatake suna gangarawa kudu da shanu da kanwa da fatu, suna dawowa da goro da gishiri, irin fataucin da kakanninmu suka sani. Tun da an hana shi zuwa garuruwansu, sai ya riƙa tarbarsu a zango da kasuwa. Ya zauna tare da su, ya saurare su, ya koyi harshensu daga bakinsu, ya wanke musu gyambo, ya ba masu zazzaɓi magani, sa'an nan ya faɗa musu abin da ya kawo shi. Su ne suka raɗa masa suna Bature Mai Magani, sunan kuwa ya bi ayari ya shiga garuruwan da ƙafarsa ba ta iya takawa ba.

Alherinsa ya kai ga abokan aikinsa kuma. Ya nace musu su riƙa shan kwinin kullum domin kare kansu daga zazzaɓin cizon sauro, ya kuma rubuta musu littafin magani mai sauƙi domin masu zama a ƙauyuka inda babu likita. Da yawa sun yi tsawon rai a bakin aiki saboda wannan kulawa.

AMFANIN TSUFA

Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. A shekara ta 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Likita Walter Miller na C.M.S. a Zariya ne ya ja gaban aikin fassarar, Stirrett kuwa yana cikin waɗanda suka sha wahalarsa shekara da shekaru, tare da Hausawan da suka riƙa gyara musu harshe. A lokacin yana da shekara wajen 67. Ya kuma sa hannu cikin shirya waƙoƙin sujada na Hausa.

Bayan haka ƙofar da ya daɗe yana jira ta fara buɗewa. S.I.M. ta sami izinin zama a Kano a 1933. Wajen 1937 aka danƙa mata kulawar masu ciwon kuturta a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato. A 1943 aka buɗe asibitin ido na Kano. Mu lura da kyau: ba gardama ce ta buɗe wannan ƙofa ba, jinya ce da hidimar marasa lafiya, wato hanyar da tsohon nan ya bi tun yana Wushishi.

A shekarunsa na ƙarshe ya zauna a Jos. Yakan tashi tun kafin asuba domin addu'a, da rana kuma ya tafi kasuwa ya yi wa'azi da Hausa, har bayan ya haura shekara 80. An ƙiyasta cewa ya yi wa'azi sau 20,000, wato fiye da sau ɗaya a kowace rana ta zamansa a ƙasar nan. Bai taɓa yin aure ba, bai bar ɗa ko jika ba. Ƙaunar da wani zai zuba wa iyalinsa, shi ya zuba ta ga Hausawa, kuma mafi yawan waɗanda suka amfana da ita ba su taɓa shiga ɗakin sujada ba. Wannan bai sa ya janye hannunsa ba. Ya rasu a watan Yuli 1948, aka binne shi a ƙasar da ya zaɓa. Shekara shida bayan haka, a 1954, aka kafa E.C.W.A. Bai ga wannan rana ba.

ABIN DA MUKA KOYA

'Yan'uwa, mun san halin da muke ciki a Jangeru da Shinkafi da Zurmi da Ƙaura Namoda. Rashin tsaro ya raba iyalai da gonakinsu, 'ya'yanmu da yawa sun tafi birane, wasu dattawa kuma suna cewa a ransu lokacinsu ya wuce, sai jiran ranar tafiya. Muna roƙonku ku sake dubawa. Musa yana da shekara 80 lokacin da aka aike shi wurin Fir'auna. Kalibu yana da 85 ya nemi rabonsa a ƙasar tuddai. Hannatu gwauruwa ce mai yawan shekaru sa'ad da ta ga jaririn a Haikali.

Akwai aikin da sai tsoho. Sulhunta ma'aurata, da zama kusa da wadda ta rasa miji, da gai da maƙwabci Musulmi a ranar makokinsa, da kwantar da saurayin da zuciya ta ɗebe shi zuwa ramuwa, duk waɗannan suna bukatar wanda ya sha ɗacin duniya bai zama mai ɗaci ba. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Amma furfura kaɗai ba ta kawo wannan. Shekaru sukan taurara zuciyar wani, su tausasa ta wani. Bambancin yana ga abin da mutum ya yi da kwanakin jiransa.

Ku kuma matasa, kada ku bar tsofaffin nan su tafi da abin da ke cikinsu. Ku je gidajensu, ku zauna a tabarma, ku tambaye su.

Idan muka buɗe Littafi Mai Tsarki da harshenmu a sujadar wannan biki, mu tuna da Bature Mai Magani, mu gode wa Allah dominsa. Ubangiji ya ba dattawanmu ƙarfi su gama tserensu da kyau, ya sa waɗanda za su yi bikin shekara ɗari su same mu da aminci. Amin.